Fiɗar Babbar Dabbar Dawa Kai Kaɗai: Tambayoyi da Amsoshi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma maharbi yakan tsinci kansa tsaye a kan dabbar da ta ninka shi nauyi sau uku ko huɗu, ba kowa kusa, rana tana ƙara zafi ko duhu yana ƙaratowa, nama kuma ba ya jiran a samo mataimaki. An tattara a nan tambayoyin da masu fita farauta su kaɗai suka fi yi game da wannan hali. Amsoshin duka a kan abu ɗaya suka tsayu: dabbar da ta fi ƙarfinka ba a ɗaga ta. Ɗaure ta ake yi, a mirgina ta, a rage ta yanki-yanki har kowane yanki ya zama abin da mutum ɗaya zai ɗauka ya isa gida lafiya.

Wane irin nauyi ake magana a kai?

Ya danganta da dabbar. Namijin barewa mai farar wutsiya ta Arewacin Amurka yakan kai kilo 60 zuwa 130. Kanki yana tsakanin kilo 120 da 200, gwanki kuwa 250 zuwa 300. Namijin elk, wata babbar barewa ta Arewacin Amurka, yakan kai wajen kilo 320, ƙosasshen mus, wanda ya fi duk dangin barewa girma, ko ɓauna kuma su haura 500. Idan an fitar da kayan ciki, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ne ke tafiya. Idan an cire fata da kai da ƙashi, tsokar da za ta rage ba ta cika wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Ke nan gwanki mai kilo 270 naman da zai ba ka bai fi wajen kilo 100 ba, sauran duk kaya ne da babu dalilin wahalar da kanka a kansu.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa, a ma'aunin da ta sabunta a 1991. Wannan ma idan kayan yana da mariƙi ne, yana kusa da jiki, ƙasa kuma a shimfiɗe take. Dabbar da ta faɗi ba ta da mariƙi. Ka ɗaga gaba nauyin ya malale baya, ka ɗaga baya ya dawo gaba, kai kuma kana tsaye kan duwatsu ko taɓo.

Ta faɗi ba ta motsi. In matsa in fara aiki?

Dakata tukuna. Tunkare ta ta wajen gadon baya, nesa da kofato da ƙaho, makaminka a shirye. Dubi haƙarƙari ko yana hawa da sauka. Dubi idanu: dabbar da rai ya fita idanunta a buɗe suke sun dushe, wadda ta rufe ido kuwa tana da sauran rai. Taɓa ƙwayar idon da doguwar sanda, in ta ƙifta ko kaɗan ne ka ja baya. Dabbar da harsashi ya shafi saman ƙashin bayanta ko gindin ƙahonta takan suma ne kawai, ta farfaɗo bayan mintoci ta miƙe da ƙarfinta. Idan za ka yanka ta, kada ka tsaya gaban ƙaho ko tsakanin ƙafafu, babba mai sauran ƙarfi kuma a ƙara mata harbi daga nesa kafin a kai wuƙa.

Da ka tabbatar, cire harsashi daga bindiga ka ajiye ta inda ba za ta faɗi ba kuma hannunka zai kai. Sannan ka zauna ka sha ruwa har rawar hannu ta tafi. A wannan zaman ne za ka aika wa wani saƙon inda kake da lokacin da kake sa ran fitowa, tun hannunka bai ɓaci da jini ba.

Me ya kamata ya kasance a jakata?

Wuƙa biyu masu kaifi da abin wasa su. Gajeriyar wuƙa mai tsawon santimita 8 zuwa 10 ta fi doguwa biyayya a cikin ƙirjin dabba. Siririyar igiya mai ƙarfi wajen mita 15 domin ɗaure ƙafafu, da wata kakkaura domin ja. Kura biyu ƙanana, wato 'yar ƙafar ƙarfe mai kwarmi wadda igiya ke gudu a kanta, irin wadda ake jan guga da ita a rijiya mai zurfi. Tamfol, buhunan yadi masu shan iska, safar hannu ta roba, fitilar goshi da ƙarin batir, da ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha. Maɗaurin tsayar da jini kuwa a aljihunka zai zauna, domin ranar da za ka buƙace shi wataƙila ba za ka iya rarrafawa zuwa jaka ba. Zarto da gatari ba dole ba ne, kowace gaɓa da wuƙa take rabuwa.

Yaya zan mirgina ta, kuma me zai riƙe mini ƙafafu?

Igiya da bishiya su ne abokan aikinka. A ce tana kwance a gefen hagu. Ɗaura igiya a ƙafar baya ta sama, kusa da kofato, ka zagaya ta wajen gadon baya ka ja ta zuwa bishiya ko turken da ka kafa, ka ɗaure. Yi haka da ƙafar gaba. Ciki ya buɗe ke nan, hannayenka biyu kuma sun huta. Dalilin ɗaurewa kusa da kofato shi ne, gwargwadon nisan igiyar daga jiki, gwargwadon sauƙin juyawar.

Idan so kake ta kwanta rigingine, ko ta juya gefe guda gaba ɗaya, fara da kai. Juya shi ya fuskanci inda kake son jikin ya bi, in ba haka ba ƙaho zai caki ƙasa ya tokare. Daga nan sai ka ja gaba kaɗan, ka cusa dutse ko gungume ƙarƙashin kafaɗa, ka koma baya ka ja kaɗan ka tokare kwankwaso, haka har ta juya. Ƙullin nan da direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi yana ninka ƙarfin ja, ya cancanci a koye shi tun a gida. Kuma a yi wannan da wuri, domin bayan 'yan sa'o'i jiki yakan sandare, ƙafafu su ƙi lanƙwasuwa.

Ta faɗi a gangare. Me zan fara yi?

Ɗaure ta kafin komai. Zarga igiya a ƙaho ko wuya ka ɗaure a bishiyar da ke sama da ita. Dabbar da ke kwance lafiya a gangare takan zame da zarar an cire mata cinya ɗaya, saboda ma'aunin nauyinta ya sauya. Kada ka tsaya ƙasa da ita, ka yi aiki daga sama ko daga gefe.

Gangare yana da amfaninsa. In kai yana sama, gindi yana ƙasa, kayan ciki da jini da kansu za su gangara. In akwai fili a ɗan ƙasa kaɗan, naɗe igiyar sau biyu a jikin bishiya ka riƙa sassautawa a hankali har ta sauka can. Igiyar a bishiya za ta naɗu, kada ka kuskura ka naɗe ta a hannu ko a ƙugu. Wadda ta faɗa kwazazzabo ko ta maƙale tsakanin duwatsu, feɗe ta a inda take, ka fara da ɓangaren da ke sama.

Ba gara in rataye ta a bishiya ba? An ce ya fi tsabta.

Ya fi tsabta, gaskiya ne, amma yi lissafi tukuna. In ka rataya kura ɗaya a reshe, ba ta rage maka ko kilo ɗaya ba, juya maka alƙiblar ja kawai ta yi. Mutum mai kilo 70 ba zai ɗaga dabba mai kilo 100 ta haka ba, shi ne zai tashi sama. Reshen kuma nauyi biyu yake ɗauka, na dabbar da na jan da kake yi, wato wajen kilo 200. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai reshe ya karye. In babu kura ma, igiya ce kawai a kan ɓawon reshe, gogayya za ta cinye babban rabo na ƙarfinka.

Sauƙi yana zuwa ne idan akwai kura a jikin dabbar tana tashi tare da ita. Ƙirga layukan igiyar da ke riƙe da wannan kurar. In biyu ne, rabin nauyin za ka ja. In huɗu ne, kashi ɗaya cikin huɗu: kilo 200 ya koma 50 a lissafi, a zahiri kuwa 60 zuwa 70 saboda gogayya. Ladan wannan sauƙi shi ne tsawon igiya, domin sai ka ja mita huɗu kafin dabbar ta tashi mita ɗaya. Zaɓi ɗanyen reshe mai kauri, ka rataya kusa da jikin bishiyar. Huda bayan agara a ƙafafun baya biyu ka zura sanda mai ƙwari ta ware su. Naɗe bakin igiyar a guntun itace ya zama mariƙi, ka ja da nauyin jikinka kana takawa baya, kuma kada ka shiga ƙarƙashinta har sai ka ɗaure igiyar ka gwada.

A ganina, dabbar da ba ta wuce kilo 70 ko 80 ba ita ce ta cancanci rataya ga mutum ɗaya, bayan an fitar da kayan ciki. Abin da ya haura haka, lokacin da za ka ɓata wajen neman reshe da haɗa igiya ya isa ka cire cinya da karfata a ƙasa, kuma abin da ke ƙasa ba ya faɗo wa kowa.

Yaya ake farke ciki ba tare da mai riƙewa ba?

Bayan ƙafafu sun ɗauru, fara da zagaye dubura da wuƙa har ta saki, ka ɗaure bakinta da zare. Tsaga fata kaɗai daga mara zuwa ƙashin ƙirji. Sannan ka yi 'yar huda a naman ciki, ka zura yatsu biyu, ka sa wuƙa tsakaninsu kaifinta yana duban sama, yatsun suna danne tumbi yayin da kake tafiya. Yanke tantanin da ya raba ciki da ƙirji a gefe biyu, ka miƙa hannu can sama ka yanke maƙogwaro, ka riƙe shi ka ja. Kayan cikin babbar dabba kan kai kilo 50 ko fiye, don haka kada ka yi ƙoƙarin ciccibo su. Kwance igiyar gefe ɗaya ka karkata jikin, su zube da kansu, kai naka shi ne yanke abin da ya riƙe su ta wajen baya. Yi hankali da mafitsara. Inda abin cikin tumbi ya zuba a nama, yanke wurin ka yar, domin wankewa baza ƙazantar take yi.

An ce akwai hanyar fiɗa ba tare da an buɗe ciki ba. Yaya take?

Akwai, kuma ga mai aiki shi kaɗai a kan babbar dabba babu wadda ta kai ta. Ana barin dabbar a kwance yadda ta faɗi. Tsaga fata ta bin gadon baya daga ƙeya zuwa wutsiya, ka feɗe gefen da ke sama zuwa ciki, ka shimfiɗa fatar ta zama wurin ajiya mai tsabta.

Karfata ita ce mai sauƙi, domin babu ƙashin da ya haɗa ta da jiki, tsoka ce kawai ke riƙe da ita. Ɗaga ƙafar, ka bi da wuƙa ta ƙarƙashin hammata, za ta fita. Cinya ita ce mai aiki. Ɗaure ƙafar sama da igiya ta ɗan yi tsauri, ka yanka ta ciki kana manne wuƙa da ƙashin kwankwaso har ka ga ƙwallon gaɓa, ka yanke jijiyar da ta riƙe shi, ka ci gaba da bin ƙashi har ta saki. A nan ne ake huda ciki bisa kuskure, don haka bakin wuƙa ya riƙa duban ƙashi. Cinyar elk da ƙashinta takan kai kilo 30, ta mus ta haura 50, shi ya sa ake shimfiɗa tamfol dab da wurin tun kafin yankan ƙarshe, a sassauta igiya cinyar ta sauka a kai. Kada ka tare ta da ƙirji.

Sai doguwar tsokar gadon baya, daga kwankwaso zuwa wuya, sai naman wuya da na haƙarƙari. Yanzu dabbar ta yi sauƙi ƙwarai, juya ta ba zai gagare ka ba. Maida fatar ta rufe inda ka feɗe, ka mirgina, ka maimaita a ɗaya gefen. A ƙarshe ne ake ciro lallausar tsokar da ke ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki: ƙaramar tsaga bayan haƙarƙari na ƙarshe, hannu ɗaya ya danne tumbi, ɗayan ya ɓamɓaro ta. Mai son hanta da zuciya sai ya buɗe ciki bayan duk naman ya shiga buhu, lokacin da huda tumbi ba zai ɓata komai ba.

Sharaɗinta ɗaya ne, a fara nan take. Idan dole ka bar dabbar ka je ka dawo, ko ka same ta ciki ya fara kumbura, fitar da kayan ciki tukuna.

Mene ne haɗari mafi girma a duk aikin?

Wuƙarka. Babbar jijiyar jini tana bin cikin cinyar mutum, in ta yanke yakan suma cikin mintoci kaɗan. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: maharbi ya haye kan dabba ko ya sa ta tsakanin gwiwoyinsa, yana jan wuƙa zuwa jikinsa a kan fata mai tauri ko ƙashin ƙirji, ya ƙara ƙarfi, wuƙar ta kuɓuce ta shige cinya. A durƙusa a gefe, a tura wuƙa waje. Kafin kowane yanka mai buƙatar ƙarfi, tambayi kanka inda za ta tsaya in ta zame. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin ita ce ke sa a danna da ƙarfi, don haka tsaya ka wasa ta da zarar ta fara gardama. Duk lokacin da za ka ja igiya ko ka juya dabbar, maida wuƙa kube. Idan hannayenka biyu suna cikin ƙirji ba ka ganinsu, motsa ɗaya kawai a lokaci guda, kuma ka tuna da tsinin karyayyen ƙashi, da bakin kibiya in da baka aka harbe ta.

In tsautsayi ya auku jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa, sa maɗaurin santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi zafi sosai, haka ya kamata. Rubuta lokacin, kada ka sassauta, ka nemi agaji. In babu maɗauri, faffaɗan ƙyalle da sanda a murɗa sun fi ɗamara ko siririyar igiya. Raunin da ke can matse-matsi, inda maɗauri ba ya zama, cusa masa ƙyalle ake yi har ya cika, a danne da dukan nauyin jiki. Ina roƙon duk mai fita shi kaɗai ya gwada ɗaura wa kansa maɗaurin da hannu ɗaya tun yana gida, har hannun ya saba.

Yaya zan kare bayana da zuciyata?

Durƙusa ka ɗaga da ƙarfin cinyoyi, kayan manne da jiki, kada ka murɗa ƙugu alhali kana ɗauke da nauyi, juya da ƙafafu. Sunkuyo na tsawon sa'a ma yana gajiyar da baya kafin a zo ɗagawa, shi ya sa aiki a durƙushe ya fi, tare da miƙewa jefi-jefi.

Zuciya ita ce ba a cika tunawa da ita ba. A wani bincike da likitocin asibitin William Beaumont na jihar Michigan ta Amurka suka buga a 2007, an sanya wa mafarauta 25 na'urar auna bugun zuciya a daji, aka ga bugun wasunsu ya zarce iyakar abin da suka kai a gwajin gudu na asibiti, jan dabba kuma yana cikin ayyukan da suka fi ɗaga shi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wanda shekaru suka fara ja, ya ga likita kafin ya fita. In ka ji nauyi a ƙirji, zafi yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi ko jiri, saki igiya ka zauna ka kira agaji. Ko lafiya lau kake, in ba ka iya yin magana saboda haki, ka wuce ƙima.

Ja ya fi ko ɗauka?

Dabba matsakaiciya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko gangare, ja. Ta kai ake ja domin gashi ya kwanta, a ɗaure ƙafafun gaba a jikin wuya kada su riƙa sarƙewa. Gajeriyar igiya tana ɗaga kan daga ƙasa, tamfol a ƙarƙashi yana rage gogayya. Ka ja taki ashirin ko talatin ka huta. A gangare koma bayanta ka riƙa sassauta igiya, kada ta bi ta kanka.

In akwai hawa ko nisa, ɗauka a baya ya fi, yanki-yanki. Kaya ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin jikinka. Cire ƙashi yana rage sahu, sai dai naman da ke kan ƙashi ya fi riƙe siffarsa ya sha iska, wanda aka tara a buhu kuwa yakan dunƙule ya riƙe zafi a tsakiya. Ɗora jakar kan dutse ko kututture ka saɓa daga can, ka riƙe sanda domin saukowa. Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: saɓa dabba sukutum a kafaɗa, ko ɗaukar kai ƙaho yana sama, a dajin da wasu ke farauta. Wani zai hango ƙaho yana tafiya cikin ciyawa ya harba. Juya ƙahon ƙasa ka lulluɓe shi da ƙyalle mai launi mai haske.

Tsawon wane lokaci nake da shi kafin nama ya lalace?

Jikin dabba yana da zafin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas, fata da kitse kuma suna tsare wannan zafin. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 4 da 60. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 853 ta 2004 ta ce a sanyaya naman babbar dabbar dawa zuwa digiri 7 ko ƙasa. A yanayin zafi sa'o'i kaɗan gare ka, a sanyi kana da sarari, amma ko a kan ƙanƙara babbar dabbar da aka bari da fatarta da cikinta ta kwana takan yi tsami, musamman gefen da ke ƙasa.

Lalacewa daga wurare masu kauri take farawa, zagayen ƙashin cinya da wuya. Su za ka fara cirewa, a zafi kuma ka tsaga cinyar har ƙashi zafin ya fita. Rataye buhunan a inuwa, ko ka jera su kan itatuwa iska ta bi ta ƙasa. Kada ɗumin nama ya shiga leda. Ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin yini guda, don haka kowane yanki ya shiga buhun yadi da zarar ya rabu da jiki.

Dare ya yi ban gama kwashewa ba. In bar sauran?

Bar shi. Tafiya da kaya mai nauyi cikin duhu, ga gajiya, ita ke karya ƙafa. Kafin ka tafi, ɗauke naman aƙalla mita 100 daga kayan ciki, domin su namun daji ke fara bi. Rataye shi sama da mita uku in da hali, a wurin da za ka iya hangowa daga nesa. Wasu kan bar rigar da suka yi gumi a ciki, takan kori ƙananan dabbobi, amma kada ka dogara da ita a inda akwai zaki, damisa, kuraye ko beya, babban naman dajin nan mai farata na ƙasashen sanyi. Da safe ka dawo iska tana bayanka, kana yin motsi a ji ka, ka tsaya daga nesa ka duba. In an ja buhu, ko an rufe ragowar da ƙasa da ganye, mai shi yana kusa. Juya ka bar masa.

Waɗanne cututtuka zan kiyaya?

Sa safar hannu, musamman in kana da rauni, domin cutar bakkale mai sa dabbobi ɓari da tarin fuka na shanu duk suna kama mutum ta wannan hanya. Ƙuraje masu kama da cuku a huhu ko jikin haƙarƙari, da kaluluwa mai ruwa, alama ce ta a tsaya a nemi likitan dabbobi. Dabbar da ka tarar ta mutu da kanta, baƙin jini yana fita ta hanci ko dubura, kada ka buɗe ta sam, yana iya zama antaraks, muguwar cuta mai kashe dabba da mutum. A Arewacin Amurka akwai cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa da elk, wadda aka fara gani a jihar Kolorado ta Amurka a 1967, ta kuma ɓulla a Norwe a 2016. Dafuwa ba ta kashe ta, shi ya sa a can ake guje wa yanka ƙwaƙwalwa da laka. Kaska takan bar dabba idan jikin ya huce ta hau mutum, ka duba jikinka bayan aiki. Harsashin dalma kuma yana tarwatsewa nesa da inda ya bi, yanke zagayen raunin da yalwa.

Doka tana da ta cewa a nan?

Tana da shi, kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Bayan lasisi da sanin dabbobin da aka hana taɓawa, wurare da yawa suna hukunta wanda ya bar nama ya lalace. A jihar Alaska ta Amurka ba a yarda a fitar da ƙaho kafin nama ba, sai dai tare da kayan ƙarshe. Jihohin Amurka da dama suna son a bar shaidar namiji ko mace manne da cinya ɗaya, abin da mai rarraba dabba a daji zai iya yankewa bai sani ba. Wannan duka yana komawa ga lissafin da ya kamata a yi kafin a ja kunama: nisan mota, zafin rana, sauran hasken yini, da sahu nawa ƙafafunka za su iya. In lissafin bai fita ba, kyale ta ta wuce.

Na iso mota. Yaya zan ɗora ta ni kaɗai?

In a yanki-yanki take, ɗaya bayan ɗaya. In sukutum ce, nemi tudu ko gaɓar hanya ka ja motar da baya har bakin bodi ya yi kusa da ƙasa, sai ka zame ta ciki. In babu tudu, jingina katako biyu ko tsani, ka ɗaura kura a can gaban bodi, ka ja daga gefe. Wata hanyar ita ce a mirgina dabbar kan faffaɗan katako a ɗaure ta, a ɗora baki ɗaya a kan ƙofar bodi, a koma a ɗaga ɗayan a tura, ta haka ba ka taɓa ɗaukar fiye da rabin nauyin a lokaci guda ba. Ja birkin hannu ka sa wa taya waigi kafin ka fara. A cikin motar, jera itatuwa a ƙarƙashin naman domin ƙarfen bodi yana ɗaukar zafi ta wajen salansa, ka ware buhunan kada su haɗu, in za ka yi musu inuwa da tamfol ka ɗaga shi sama yadda iska za ta riƙa ratsawa.